Daga Gwaram Zuwa Barikin Giwa: Tarihin Tsare Mutum Bisa Zato

Cikin daren da ya waye 9 ga Afrilu 2014, wasu 'yan bindiga da ake kyautata zaton 'yan Boko Haram ne suka shiga garin Gwaram, a kudancin Jihar Jigawa. Sun far wa ofishin 'yan sanda da kotun shari'ar Musulunci da wani banki da bindigogi da abubuwa masu fashewa, suka kashe 'yan sanda bakwai da farar hula guda. Jigawa ba ta cikin jihohi uku da aka ƙaƙaba wa dokar ta-ɓaci a watan Mayu 2013, wato Barno da Yobe da Adamawa, don haka harin ya girgiza mutanen da suke ganin wutar tana can nesa da su.

Kwana 26 kafin wannan dare, ranar 14 ga Maris, mayaƙan ƙungiyar sun fasa wurin tsare mutane na Barikin Giwa a Maiduguri, suka saki waɗanda ke ciki. Bisa binciken ƙungiyar Amnesty International, sojoji sun kashe sama da mutum 640 daga cikin waɗanda aka sake kamawa a wannan rana, kuma mafi yawansu ba su taɓa tsayawa gaban alƙali ba.

Wata biyu bayan harin Gwaram, a tsakiyar Yuni 2014, sojoji suka tare jerin motocin haya sama da talatin kusa da Aba a Jihar Abiya, suka tsare matafiya 486 da ke kan hanyarsu ta zuwa Fatakwal. Da yawansu 'yan ci-rani ne daga Jigawa da Kano da Bauchi. Rundunar soja ta ce ta sami wani da take nema ruwa a jallo a cikinsu, daga baya kuma aka sallami mafi yawansu.

Waɗannan al'amura uku na wata uku kacal sun tattara tambayar gaba ɗayanta. Mutumin Gwaram yana da haƙƙin a kama wanda ya kashe masa ɗan'uwa. Shi kuma ɗan ci-ranin da ya hau mota daga Birnin Kudu yana da haƙƙin kada kamanninsa da harshensa su zama laifinsa. Shin ya halatta hukuma ta kulle wanda take zargi da ta'addanci ba tare da shari'a ba, ko ta gana masa azaba don ya yi magana? Ƙasar Hausa ta fi ƙarni guda tana gwada amsoshin wannan tambaya, kuma sakamakon gwajin a rubuce yake.

Abin da malamai suka tarar, da abin da suka bari

Tun kafin zuwan Turawa fiƙihun Musulunci ya san matsalar wanda ake tuhuma alhali babu shaidu a kansa. Abu Yusuf, almajirin Abu Hanifa kuma babban alƙalin Haruna Rashid, ya yi wa halifan nasiha a littafinsa Kitabul Kharaj cewa a ciyar da 'yan kurkuku daga baitulmali, a hana dukansu, a riƙa duba shari'arsu a kai a kai, a hukunta mai laifi a saki wanda babu hujja a kansa.

A mazhabar Malikiyya, wadda alƙalan Kano da Sakkwato ke bi, an sami saɓani. Abin da ya zo a Mudawwana daga Imam Malik shi ne, iƙirarin da aka samu ta hanyar tsoratarwa ko duka ba a tsayar da haddi da shi. Amma an ruwaito daga Sahnun cewa ya karɓi iƙirarin wanda ya shahara da ɓarna ko da an matsa masa. Malaman baya irin su Ibnu Farhun, mai Tabsiratul Hukkam, sun kasa waɗanda ake tuhuma gida uku: mutumin da aka san shi da kirki, wanda ba a taɓa shi, wanda ba a san halinsa ba, wanda za a iya tsarewa na ɗan lokaci a bincika, da wanda ya yi ƙaurin suna, wanda wasu suka yarda a tsananta masa. Imam Gazali, a cikin Mustasfa, ya ƙi yarda da dukan wanda ake zargi da sata, hujjarsa kuwa ita ce mai yiwuwa ne mutumin ba shi da laifi, kuma kuɓucewar mai laifi ta fi sauƙi a kan azabtar da marar laifi.

Abin lura a nan shi ne, hatta waɗanda suka sassauta sun bar al'amarin a hannun alƙali ko shugaban da aka san shi, a kan mutum guda da aka san tarihinsa. Babu wanda ya ce a kwashi unguwa guda a kulle. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a Kitabul Farƙ, ya lissafa hukunta mutane bisa son zuciya ba bisa shari'a ba cikin abubuwan da ya zargi sarakunan Haɓe da su. Sai dai rubutu daban, aiki daban. Lokacin da Turawa suka ci Kano a watan Fabrairu 1903, Gwamna Lugga ya ba da rahoton kurkukun garin: ɗakuna biyu ƙanana marasa iska, inda ya ce an taɓa cusa mutum 135 a lokaci guda, har wasu kan mutu a tattake. Turawa sun yi amfani da wannan labari wajen kafa hujjar mamayarsu.

Shekara 36 saboda tsoron Mahadi

Bai ɗauki dogon lokaci ba masu kawo gyara suka ɓullo da tasu hanyar. Abin da ya fi hana Turawan mulkin mallaka barci a Arewa shi ne aƙidar Mahadiyya. A watan Fabrairu 1906 mutanen Satiru, kusa da Sakkwato, suka karya rundunar Turawa. A watan Maris aka koma aka shafe garin daga doron ƙasa. Tun daga nan duk malamin da jama'a ta taru a gindinsa ya zama abin sa ido.

Malam Sa'idu ɗan Hayatu, jinin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya zauna da mabiyansa a Dumbulwa cikin ƙasar Fika. A 1923 aka kama shi bisa zargin shirya tawaye. Ba a gurfanar da shi a buɗaɗɗiyar kotu an tabbatar da zargin ba. An kai shi Buea a ƙasar Kamaru, inda ya shafe sama da shekara ashirin, sannan aka dawo da shi Kano aka ci gaba da taƙaita zirga-zirgarsa har zuwa 1959. Mutum ya yi shekara 36 cikin ɗaurin talala saboda abin da ake tsoron zai iya yi.

A nan aka kafa tsarin da ya wanzu har yau: jami'in mulki ne mai zargi, shi ne mai yanke hukunci, kuma hujjarsa sirri ce. Sunan abin tsoron ne kawai ke sauyawa. A zamanin Turawa ana cewa masu tsattsauran ra'ayi. A shekarun 1950 da farkon 1960, lokacin da Birnin Kudu da Gwaram ke ƙarƙashin En'e ta Kano, 'yan jam'iyyar NEPU a faɗin Arewa sun sha ɗauri da bulala a hannun 'yan doka da kotunan En'e da sunan masu ta da zaune tsaye.

Ramin mugunta

Gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta kafa Dokar Soja Mai Lamba 2 ta 1984, wadda ta bai wa Shugaban Ma'aikatan Hedikwatar Mulkin Soja, Manjo Janar Tunde Idiagbon, ikon tsare duk wanda ake ganin barazana ne ga tsaron ƙasa na wata uku, da damar sabuntawa, kuma ta hana kotu tambayar dalili. Da Janar Ibrahim Babangida ya kifar da gwamnatin a watan Agusta 1985, sai aka tsare Buhari da Idiagbon ɗin kansu sama da shekara uku ba tare da shari'a ba. Hausawa sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Dokar ta rayu har ƙarshen mulkin soja a 1999, kuma ƙasar Birnin Kudu ta ɗanɗani irin wannan mulki a jikin ɗanta. A farkon 1998 wasu 'yan siyasar Arewa goma sha takwas suka rubuta wa Janar Sani Abacha takarda suna adawa da shirinsa na tazarce. Aka kama biyu daga cikinsu, Alhaji Abubakar Rimi da Alhaji Sule Lamido, ɗan Bamaina ta ƙaramar hukumar Birnin Kudu, aka kulle su ba shari'a, sai bayan rasuwar Abacha a watan Yuni suka fito. Shekara guda bayan haka Lamido ya zama ministan harkokin waje, kuma shi ne gwamnan Jigawa a daren da aka kai harin Gwaram. Ikon da aka ƙirƙira don maganin abokan gaban ƙasa bai taɓa tsayawa a kansu kaɗai ba, domin wanda ke riƙe da mabuɗi shi ke faɗin wane ne abokin gaba.

30 ga Yuli 2009

Rikicin Boko Haram ya ɓarke a Dutsen Tanshi cikin garin Bauchi ranar 26 ga Yuli 2009, ya bazu zuwa Maiduguri da Potiskum da Wudil, wadda ke kan hanyar Kano zuwa Birnin Kudu. Ranar 30 ga wata sojoji suka kama Muhammad Yusuf da ransa, suka miƙa shi ga 'yan sanda. Bayan 'yan sa'o'i aka nuna gawarsa. Haka aka kashe surukinsa, Baba Fugu, dattijon da ya kai kansa ofishin 'yan sanda, da Buji Foi, tsohon kwamishina a Jihar Barno. Kotu ta umarci a biya iyalan Baba Fugu diyyar naira miliyan 100. An gurfanar da jami'an 'yan sanda biyar a 2011 kan kisan Yusuf, kotu ta sallame su a 2015.

Da an kai Yusuf gaban alƙali, da ƙasa ta ji wa ya ɗaure masa gindi, ina ya sami kuɗi da makamai, kuma da almajiransa sun ga malaminsu yana amsa tambayoyi kamar kowane mai laifi. Kisan ya binne waɗannan amsoshi, ya kuma bai wa Abubakar Shekau abin da ya fi kowane makami amfani, wato labarin zalunci na gaskiya da zai riƙa jan matasa da shi. A watan Satumba 2010 mabiyansa suka fasa gidan yarin Bauchi suka saki fursunoni 721. Ranar 20 ga Janairu 2012 suka kashe aƙalla mutum 185 a Kano, kuma sun ce suna ramuwa ne kan kame 'yan'uwansu.

Martanin hukuma shi ne kamen kan mai uwa da wabi. A rahotonta na Yuni 2015, Amnesty International ta ce sojoji sun kama aƙalla mutum 20,000 tun daga 2009, sama da 7,000 sun mutu a tsare tun daga Maris 2011 saboda yunwa da ƙishirwa da cunkoso da azaba, an kuma kashe sama da 1,200 ba tare da shari'a ba. Wani wurin tsarewa a Damaturu har laƙabin Guwantanamo aka yi masa. Rundunar soja ta musanta rahoton. Amma a watan Disamba 2020 babbar mai gabatar da ƙara ta Kotun Duniya Mai Hukunta Manyan Laifuka, Fatou Bensouda, ta ce akwai dalilin yarda cewa Boko Haram da kuma wasu jami'an tsaron Nijeriya duka sun aikata laifukan yaƙi da na cin zarafin bil'adama.

Hujjar masu goyon baya

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren, domin hujjarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa ɗan ta'adda ba ɓarawon akuya ba ne. Shaidu na tsoron fitowa don ana bin su gida a kashe. Kayan binciken kimiyya sun yi ƙaranci, alƙalai da lauyoyin gwamnati ba su wadata ba, kuma sojan da ke fagen daga ba shi da lokacin tara hujja. Suna tunatar da mutane cewa bayan rikicin Maitatsine na Disamba 1980 a Kano, wanda hukumar bincike ta Mai Shari'a Aniagolu ta ce ya ci rayuka 4,177, an yi wa ɗaruruwan mabiyansa afuwa, sai ga sabon tashin hankali a Bulunkutu a 1982, da Jimeta a 1984, da Gombe a 1985. Sannan sukan kawo misalin da ya fi kowanne ƙarfi: an kama mutumin da ya san inda aka dasa bam, sa'a guda ta rage, rayuka ɗari na cikin haɗari. Wa zai ce kada a matsa masa?

Misalin bam ɗin ya ginu ne a kan abubuwa uku da ba a cika samunsu tare ba: tabbacin cewa akwai bam, tabbacin cewa wannan mutumin ne ya san wurinsa, da tabbacin cewa azaba za ta sa ya faɗi gaskiya a kan lokaci. Waɗanda suka cika Barikin Giwa ba a kama su ta wannan hanya ba. An kwashe su ne a samamen unguwanni da kasuwanni da shingayen hanya, wani lokaci bisa nunin ɗan rahoton da ake biya, ko maƙwabcin da ke da tsohuwar gaba.

Azaba kuwa tana sa mutum ya yi magana, amma ba ta bambance gaskiya da ƙarya. Wanda ake ƙona wa jiki zai faɗi duk abin da zai sa a daina, zai kuma ambaci sunayen duk wanda ya tuna, su ma a kamo su su ambaci wasu. Amurka ta koyi wannan da tsada. Ibnu Shaikh al-Libi, wanda ta miƙa wa Masar, ya faɗa cikin azaba cewa Iraƙi ta horar da 'yan Alƙa'ida kan makamai masu guba. Colin Powell ya kafa hujja da wannan magana a Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Fabrairu 2003, daga baya mutumin ya janye ta, bayan an riga an shiga yaƙi. A watan Disamba 2014 kwamitin leƙen asiri na Majalisar Dattawan Amurka ya kammala cewa azabtarwar da hukumar CIA ta yi ba ta zama hanya mai amfani ta samun bayanai ba.

Tsarewa ba shari'a ma an gwada ta. Birtaniya ta fara ta a Ailan ta Arewa ranar 9 ga Agusta 1971, ta kama mutum 342 a tashin farko, da yawansu ba su da alaƙa da mayaƙan da ake nema. Shekarar da ta biyo baya ita ce mafi muni a duk tsawon rikicin, inda aka kashe kusan mutum 500. A Afirka kuwa, binciken Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2017, wanda ya tattauna da tsofaffin mayaƙa har da na Nijeriya, ya gano cewa kashi 71 cikin ɗari sun ce wani aikin hukuma, kamar kashe ko kama ɗan'uwa ko aboki, shi ne abin da ya ingiza su daga ƙarshe suka shiga. An gudu daga gara an faɗa gidan zago.

Darasin Maitatsine, in aka duba da kyau, darasi ne na rashin shari'a. An tsare jama'a jimla, aka sake su jimla, ba a tace mai jini a hannu daga almajirin da ya bi malami ba. Kotu ce kaɗai ke wannan tacewa. Kabiru Sakkwato, wanda aka zarga da hannu a harin cocin Madalla na ranar Kirsimetin 2011, ya tsere daga hannun 'yan sanda a Janairu 2012, aka sake kama shi, aka yi masa shari'a a fili, Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke masa ɗaurin rai da rai a Disamba 2013. Babu wanda ya mayar da shi shahidi. Da gwamnati ta fara shari'ar mutum 1,669 da ke tsare a barikin Wawa kusa da Kainji a watan Oktoba 2017, zaman farko ya ƙare da ɗaure 45 da sallamar 468. Waɗannan ɗaruruwa sun shafe shekaru a kulle kafin wani alƙali ya duba ya ga babu abin da za a tuhume su da shi.

Bayan duk wannan lissafi na riba da hasara akwai maganar da ta fi shi nauyi. Ko da azaba tana aiki, wanda ake yi wa ita mutum ne da ba a tabbatar da laifinsa ba. Abin da ya sa ake ƙyamar ɗan ta'adda shi ne yana ɗaukar ran marar laifi don cimma burinsa. Hukumar da ta yarda ta azabtar da mutum goma don ta sami mai laifi guda ta karɓi wannan ƙa'ida tasa, ta kuma rasa abin da ya bambanta ta da shi a idon talakan da take neman ya kawo mata rahoto.

Abin da doka ta tanada

A rubuce, Nijeriya ta riga ta yanke hukunci. Sashe na 34 na Tsarin Mulkin 1999 ya haramta azabtarwa. Sashe na 35 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana guda in akwai kotu a tazarar kilomita 40, ko kwana biyu in babu, ko da yake ya yi togaciya game da laifukan da hukuncinsu kisa ne. Sashe na 36 ya ɗauki kowa a matsayin marar laifi har sai an tabbatar. Ƙasar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana azabtarwa a 2001. Dokar Shaida ta 2011 ta hana kotu karɓar iƙirarin da aka samu ta tursasawa. Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai wa shekara 25, ta kuma ce yaƙi ko dokar ta-ɓaci ko umarnin na gaba ba uzuri ba ne. Ko dokar yaƙi da ta'addanci ta 2011, da gyaran da aka yi mata a 2013, wadda ta yi aiki har zuwa 2022 kuma ta yarda a tsare mutum kwana 90 da damar ƙari, ta ɗora wannan izini a hannun alƙali.

Giɓin yana wurin aiwatarwa, kuma a nan ne lauyoyi da alƙalai da likitoci da 'yan jarida da malaman addini ke da rawar takawa. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015, wadda jihohi suka kafa irinta, ta umarci majistare ya riƙa ziyartar ofisoshin 'yan sanda duk wata ya ga waɗanda ke tsare, ta kuma tanadi a ɗauki bayanin wanda ake zargi a gaban lauyansa ko a naɗe shi a bidiyo. Waɗannan ƙananan matakai ne, ba sa buƙatar sabuwar doka ko kasafin biliyoyi. Suna buƙatar rajistar da ke da sunan kowane tsararre da ranar kama shi, da majistaren da zai je ya buɗe ta, da likitan da zai rubuta abin da ya gani a jikin mutum ba tare da tsoro ba.

Yau sunan abin tsoron ya ƙaru da 'yan fashin daji da masu satar mutane, kuma dazuzzukan da ke tsakanin kudancin Jigawa da Ningi ba baƙin wannan matsala ba ne. Duk lokacin da aka kai sabon hari, kiran a kama kowa a gama da su zai sake tashi, kuma zai fito ne daga bakin mutanen da aka zalunta da gaske. Abin da tarihin Dumbulwa da Dokar Soja Mai Lamba 2 da Barikin Giwa ya nuna shi ne, wanda aka kulle bisa zato yakan zama manomi ko ɗan ci-rani ko ɗan adawa, shi kuwa mai laifin na ainihi sau da yawa yana waje, yana ɗaukar ƙannen wanda aka kulle aiki.